Littafin matasa kan yarinyar da aka dawo da ita daga Jidda: ina gyara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum mutanen gida. Shawara nake nema kan labarin da nake shirin farawa, na matasa ne, 'yan shekara 13 zuwa 18 nake so su karanta. Tauraruwar 'yar shekara 15 ce, a Jidda aka haife ta, iyayenta Kanawa ne da suka zauna can babu igama, wato takardar izinin zama. An kama ta a wani samame aka dawo da ita Kano, uwar tana can, uban ya daɗe da rasuwa. Ta faɗo hannun dangin uba waɗanda ba ta taɓa gani ba, ciwon damuwa ya kama ta. Yadda na tsara shi: matar baffanta za ta gallaza mata, ta zauce ta shiga titi, a kai ta wajen mai ruƙiyya, daga ƙarshe wani saurayi mai hali ya tsince ta ya aure ta. Masana a duba mini.

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Jigon yana da kyau ƙwarai, kuma ba a cika taɓa shi ba. Amma warwararsa ta koma tsohuwar hanya: muguwar matar baffa, hauka tuburan, miji mai kuɗi. Mai karatu zai hango ƙarshen tun babi na uku. Kafin mu zo kan wannan, a fara gyara hanyar da ta biyo. Hajiya Rabi, bisimilla.

Hajiya Rabi: To Maman Ilham, ga yadda abin yake tafiya. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa, don haka yarinyarki ba ta da takardar can, ba ta da ta nan. Wannan shi ne tushen komai a rayuwarta. Yaran da iyayensu ba su da igama galibi ba sa samun shiga makarantar gwamnati, sai karatun gida da halƙar haddar Alƙur'ani a unguwa. Asibiti ma da ɗari-ɗari ake zuwa. Tun tana ƙarama an koya mata idan ta ga motar jami'ai ta canza lungu. Ki sa wannan tsoron a jikinta tun shafin farko, kada ki bari sai ranar kamun.

Idan aka kama mutum a yankin Makka ko Jidda, Shumaisi ake kai shi, wato gidan tarhil da ke tsakanin garuruwan biyu, inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su ƙasashensu. A raba maza da mata, a ɗauki hoton yatsu, a jira jami'an ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na Jidda su tantance su ba da takardar tafiya ta gaggawa, sannan a jira jirgi. Wani makonni yake yi, wani watanni. Kuma mutum da kayan jikinsa yake tahowa, sai ɗan abin da 'yan'uwa suka samu suka miƙa masa. Kada ki sauke ta a filin jirgin Malam Aminu Kano da akwatuna uku da turaruka kamar mai dawowa daga Umara. Sannan zai fi kama da gaskiya a ce tare da wata babba aka kama su, maƙwabciya ko yayarta, ita ce za ta riƙe lambar baffan a ka, ta kira shi bayan sun sauka. Idan kina son kafa labarin a wani lokaci sananne, akwai babban kamen da ya biyo bayan ƙarewar wa'adin afuwar da Saudiyya ta yi wa baƙi marasa takardu a watan Nuwamban 2013, akwai kuma na 2017.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Hajiya. Hausarta fa? Na sa tana jin Hausa sosai.

Hajiya Rabi: Tana ji, amma Hausar gida ce gauraye da Larabcin Hijaz. Za ta ƙirga kuɗi da Larabci, ta yi fushi da Larabci, ta yi mafarki da shi. Karin magana da habaicin matan gida zai riƙa wuce ta, sai an yi dariya ta gane da ita ake. Yaran unguwa su sa mata suna 'yar takari. Ki kula da ƙananan abubuwa: ta saba karyawa da ful da tamis, wato dafaffen wake da burodin can, nan an miƙo mata ɗumamen tuwo da miyar kuka. A ɗauke wuta kwana biyu. Sanyin hunturu da ƙurarsa su farfasa mata leɓe da ƙafa, ita da ta tashi a garin bakin teku mai laima.

Dakta Hadiza: In ƙara a kan na Hajiya: daminarta ta farko a Kano zazzaɓin cizon sauro zai kayar da ita sosai, domin jikin da ya tashi inda babu cutar bai da garkuwar da yaran nan suka tara. Wannan babi guda ne kyauta.

Yanzu ga babban gyaran. Ciwon damuwa daban, zaucewa daban. Mai ciwon damuwa ba ta tsince-tsince a bola, ba ta surutai ita kaɗai. Tana cikin hankalinta sarai, shi ya sa ma gida ba sa ganewa. Abin da muke dubawa shi ne ƙunci ko rashin sha'awar komai, kusan kullum, kusan duk yini, na aƙalla mako biyu, tare da wasu alamomin: barci ya lalace ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, tunanin mutuwa. A wajen matasa sau da yawa ba kuka ne ke fitowa gaba ba, saurin fushi ne da tsiwa. Ita ce yarinyar da za a ce ba ta da tarbiyya, tana ji da kanta don ta zo daga Saudiyya.

Kuma ba za ta buɗe baki ta ce tana cikin damuwa ba. Cewa za ta yi kanta na ciwo, gabanta na faɗuwa, ƙirjinta ya yi nauyi, wani abu na yi mata yawo a jiki. Za a yi ta saya mata maganin taifod da na ulsa a kemis wata da watanni.

Idan kuma kina son abin da ta gani ranar kamu da zaman tarhil ya biyo ta, wannan wani ciwon ne na firgici: mugun mafarki, zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, gudun duk mai kaki ko da ɗan sintirin unguwa ne, abin ya riƙa dawo mata kamar yanzu yake faruwa. Sai ya haura wata guda muke kiransa ciwo. Su biyun suna iya haɗuwa a mutum ɗaya.

Malam Nasiru: Wannan bayanin na Dakta ya warware matsalar salo ma. Marubutanmu sun saba da jimla irin "ta shiga matsananciyar damuwa, hawaye na bin kuncinta" a kowane shafi. Ki daina faɗa, ki nuna. Misali: an ba ta kwanon shinkafa da rana, da magariba gwaggonta ta shigo ɗaukar tabarma ta tarar da kwanon a bayan ƙofa, an ci cokali biyu, an rufe da faranti don kada a gani. Ko kitson da aka yi mata ranar da ta sauka yana kanta har mako bakwai. Ko wayar uwarta tana shigowa tana kallo har ta katse, ita da ta kwana tana jiran kiran. Guda uku irin waɗannan sun fi shafi goma na kuka.

Ina kuma ba da shawarar ki rubuta da bakinta, "na" da "ni". Matashi ya fi yarda da muryar sa'arsa. Sharaɗin kawai kada ki sa mata hikimar 'yar shekara arba'in. Ita ba ta san sunan abin da ke damunta ba, mai karatu ne zai riga ta ganewa.

Ummu Hani: Ni fa zan yi magana ta ɓangaren kasuwa, a yi mini afuwa. Duk wanda ke kula da zauren karatu a WhatsApp ya san abin da ke riƙe masu karatu: soyayya da mugunta. Idan aka cire muguwar matar baffa aka cire saurayi, me zai sa yarinya ta jira fitowar gobe? Labarin wadda ke kwance a ɗaki ba ta cin abinci, babi biyar za a watse a bar marubuciya ita kaɗai.

Malam Nasiru: Gaskiyarki a kan a watse, amma maganin ba mugu ba ne, buri ne. A ba yarinyar abin da take nema ido rufe: komawa wajen uwarta. Tana tara kuɗin da uwar ke aikowa a ɓoye, ta haɗu da wata dillaliya mai cewa za ta yi mata hanya, alhali an ɗauki yatsunta an hana ta shiga. Ga tashin hankali nan, ga sirri, ga haɗari. Rikicin gida kuma yana nan ko babu mugu: kuɗin da uwar ke turowa wa zai riƙe, na makaranta ne ko na cefane? 'Yar gidan da aka raba mata katifa da baƙuwa me take ji? Matar baffa mai 'ya'ya shida da aka ƙara mata na bakwai ba shawara, ba sai ta zama azzaluma ba kafin ta yi maganar da za ta yi ciwo. Mutanen kirki da ba su gane ba sun fi muguwa ɗaya ban tausayi, kuma su ne ke cikin gidajen masu karatun.

Ummu Hani: Na karɓi batun dillaliya, wannan zai ja. Amma ban sauka daga kan soyayya ba. Ko ɗan kaɗan ne a sa.

Malama Zainab: A sa daidai shekarunta: wani ɗan ajinsu da take jin kunyarsa, ko ɗan maƙwabta mai ara mata littafi. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne aure ya zama magani. Wannan maganar ta "a yi mata aure za ta ware" tana nan da ranta a gidaje, kada littafin matasa ya ƙara mata ƙarfi. In ma za a kawo ta, a sa ta a bakin wani a taron dangi, a samu mai ja da shi.

Ga ɓangaren makaranta, domin nan ne rabin ciwon yake. 'Yar shekara 15 da ba ta iya karatun boko ba, ba Turanci, idan aka gwada ta aji biyar na firamare ko ajin farko na ƙaramar sakandare za a ce ta zauna, cikin 'yan shekara 10 da 11. Ta fi kowa tsawo, malami ya ce ta tashi ta karanta allo, aji ya fashe da dariya. Mako biyu za ta fara ciwon ciki kowace safiya. Hanyar da ke aiki ita ce a fara da malamin gida wata uku zuwa shida, awa ɗaya kullum, baƙaƙe da haɗa kalma da lissafi, sannan a nema mata makarantar da ke haɗa Larabci da boko, inda daga baya za ta iya zana jarrabawar NBAIS, ta hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci. A can abin da ta zo da shi yana da daraja.

Takardu ma labari ne. Ba ta da shaidar haihuwa, sai baffa ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, a nemi takardar hukumar ƙidaya, a karɓo shaidar asalin ƙaramar hukuma ta hannun mai unguwa da dagaci, sannan lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Ki kwatanta yarinya a gaban teburin ma'aikaci ana tambayarta garinsu, ta juya ta kalli baffanta.

Ustaz Auwal: Malama ta yi daidai, sai dai a kula da wani abu. Larabcin titin Jidda ba shi ne na littafi ba. Mutane za su ɗauka tunda daga can take ai malama ce, a tura ta gaban aji a Islamiyya, a tambaye ta nahawu ta kasa. Furucinta zai yi kyau, wataƙila tana da hadda, amma i'irabi sai ta koya kamar kowa.

Sai batun ruƙiyya. Ina roƙon kada a rubuta littafin da zai nuna malami jahili ne likita ne mai ceto, ko akasin haka. Iyaye ba za su bar 'ya'yansu su karanta ba, kuma ba haka rayuwa take ba. Kusan kowane gida da addu'a zai fara, ba laifi ba ne. Abin da za a nuna shi ne bambancin malamin da zai yi mata addu'a, ya saurare ta, ya ce wa baffa wannan yarinya a kai ta asibiti, da wanda zai ce aljani ne ya aure ta, ya kama duka da hayaƙi yana karɓar kuɗi. Kuma a cire wa masu karatu tunanin cewa damuwa raunin imani ce. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, yana cikin Suratu Yusuf.

Dakta Hadiza: Allah ya ƙara ilimi Ustaz, haka muke so a riƙa faɗa. A kuma tuna da gidajen mari da aka bankaɗo a 2019, tun daga na Rigasa a Kaduna, inda aka samu mutane cikin sarƙa. Da yawan waɗanda ake kaiwa irin wuraren nan iyaye ne suka kai su da hannunsu don sun rasa yadda za su yi. A labarinki wani kawu zai iya kawo wannan shawarar da zuciya ɗaya.

Bari in faɗi yadda zuwa asibiti yake don kada a rubuta shi kamar a fim. Ba a farawa da allurar barci. Za a yanki kati, a zauna layi, likita ya yi hira da ita da wanda ya rako ta, sannan ya nemi a ba su wuri ya gana da ita ita kaɗai. Za a duba jini saboda ƙarancin jini da zazzaɓi, wani lokaci da maƙoƙo, domin suna kawo kasala irin wannan. A Kano akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ki yi amfani da tsoron sunan Dawanau ɗin, domin dangi za su ce a rufa asiri kada a rasa mai aurenta. Mafi yawan irin wannan ba a kwantar da su, ana ba su ranar dawowa ne.

Idan ciwon bai yi tsanani ba, da zaman tattaunawa ake farawa da gyaran tsarin yini, ba da ƙwaya ba. Idan ya yi tsanani a haɗa da magani, kuma ga inda ake samun matsala. Maganin ba ya nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, cikakken amfaninsa ya kai mako shida. Kwanakin farko yana iya kawo tashin zuciya da ciwon kai, sai gida su ce ya ƙara mata ciwo su ajiye. Ko kuma ta samu sauƙi a wata na biyu a ce ta warke a daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, a kuma janye shi a hankali da izinin likita. Makonnin farko ana sa ido sosai, domin a wasu matasan tunanin cutar da kai yana ƙaruwa kafin ya lafa. Roƙona: kada ki rubuta sunan magani ko adadinsa a littafin. Wata za ta karanta ta tafi kemis.

Maman Ilham: Dakta, akwai babin da na so ta yi yunƙurin kashe kanta. In cire?

Dakta Hadiza: Ba dole ki cire tunanin ba, yana cikin ciwon. Amma kada ki faɗi da me, ko yaya, ko nawa. Kada ki sa wasiƙar bankwana mai daɗin karantawa, kada kuma ya zama shi ne abin da ya sa kowa ya dawo yana sonta yana nadama, domin wannan saƙo ne mai haɗari ga yarinyar da ke jin ba a damu da ita ba. Abin da ya fi amfani shi ne babin da wani ya tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin mutuwa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. Daga nan a nuna matakan: ba a barinta ita kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin cutarwa daga inda hannunta zai kai, a tafi asibiti a ranar, ba wa'azin wuta ba gori.

Abban Sadik: Ƙarin bayani ta fuskar doka. Sashe na 231 na kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, wannan na daga abin da ke sa iyali ɓoyewa. A ɗaya gefen, a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Idan labarin kafin 2023 yake, kada wani a ciki ya ambaci sabuwar.

Malama Zainab: Mu dawo kan dangi, don har yanzu ba a faɗi wa zai riƙe ta ba. Ni gwaggo nake gani, ƙanwar uban, mai sana'ar ƙosai ko ɗinki, ba mai ilimin boko ba. Taimakonta ba jawabi ba ne. Ita ce za ta lura da kwanon nan na Malam Nasiru ta yi shiru, washegari ta aiki yaro ya sayo burodi ta dafa wake ta dama shi yadda ta ji ana yi a can, bai yi daidai ba, yarinyar ta yi murmushin farko saboda rashin daidan. Ta riƙa tashinta lokaci ɗaya kullum, ta ba ta aiki ƙarami wanda ake gamawa, kamar tsince wake ko ƙirga cinikin safe, ta ja ta rakiya kasuwa. Ta tsayar da ranar waya da uwar, Juma'a bayan la'asar misali, maimakon kiran tsakar dare da ke hana barci. Kuma ta yi kuskure wani lokacin, ta gaji ta yi faɗa, ta dawo.

Hajiya Rabi: Uwar ma kada a bar ta murya a waya kawai. Tana aikatau a gidan Larabawa, tana ɓuya, kowane kira tana cewa "saura kaɗan in taho" shekara na wucewa. Idan ta miƙa kanta aka dawo da ita, kuɗin makaranta ya tsaya. Idan ta zauna, 'yarta na ƙarewa. Yarinyar tana kewarta tana kuma jin haushinta, ba ta da wanda za ta faɗa wa na biyun.

Ummu Hani: To wannan kam zai sa a yi ta sharhi, rabi su ce ta dawo rabi su ce ta zauna. Ta fuskar tsari: kowace fitowa kalma 1,200 zuwa 1,500 ta isa a waya, babi 25 zuwa 30. Kada babi biyu masu nauyi su biyo juna, a raba su da na 'yan'uwanta yara ko na makaranta inda za a yi dariya. Kuma a kammala rubutun kafin a fara saki, don idan ana yi ana saki masu sharhi za su matsa sai an kawo saurayin nan an ɗaura aure.

Malam Nasiru: Labarin ya ɗauki kamar shekara guda, daga sauka zuwa zagayowar lokacin, don zazzaɓin damina da hunturu da azumin farko ba tare da uwa ba duk su samu wuri. Kada ta warke tas a babin ƙarshe. Ta koma makaranta, tana zuwa ganin likita, ranar Sallah abin ya ɗan dawo mata, amma yanzu ta san wa za ta faɗa wa. Kafin a saki, a ba likita ɗaya da wanda ya san zaman Jidda su duba, sannan matasa huɗu ko biyar da izinin iyayensu. Kada a tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce eh don kunya. A tambaye su a wane shafi suka ajiye wayar.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Titi da auren sun fita, gwaggo da dillaliya sun shigo. Uwar ce ban yanke ba tukuna.

Ummu Hani: Ki bar ta a can, kashi na biyu ya samu abin ci.

Dakta Hadiza: Ko ta dawo ko ta zauna, ranar komawa asibiti tana nan a katin yarinyar, kada dawowar uwa ta goge ta. Kuma idan kin zo rubuta zaman likita ki turo mini babin, akwai tambayoyin da muke yi a jere, zan gyara miki tsarinsu.